Rawar doki ta wuce ado

Duk Sallah, in mahaya suka fito ƙofar fadar Mirriya ko ta Damagaram, dokin da ke taka rawa da kiɗan algaita shi ke kwashe guɗa. Wasu na cewa ɓata lokaci ne, tunda zamanin yaƙi ya wuce, babur kuma ya karɓe tafiye-tafiye. Ni a ganina wannan horo ne ke sa doki ya zauna lafiya cikin mutane.

Dubi jahi. Mahayi ya sako doki a guje, ya ja linzami gab da sarki, doki ya ci burki, ƙura ta tashi, ga yara maƙil a gefe. Dokin da bai koyi tsayawa da umarni ɗaya ba, ranar nan sai ya taka wani. Wanda aka saba masa da ƙarar bindiga da kakaki tun yana ɗan duƙushi ba ya firgita. Wanda ya iya ɗaga ƙafa in an taɓa masa gwiwa, gyaran kofato da allurar likitan dabbobi ba sa zame masa kokawa. Ga motsa jiki, maimakon wuni a turke yana cizon igiya.

Kakanninmu sun san haka. Rundunar Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, da ƴan lifidinta, ba da dawakin da ke tsoron albarushi ta yi suna ba. Wasu ƙasashe sun riƙe al'adar hawansu gam: UNESCO ta sa wasan dawakin Maroko cikin gadon duniya a 2021, hawan Kano kuma a 2024.

Abin da ke damuna shi ne gaggawa. Za ka ga saurayi ya hau dokin haya, yana fizgar linzami har baki ya yi jini, yana zuba ƙaimi don doki ya yi taɓarya a ɗauke shi hoto. Wannan azaba ce. Horo na gaskiya kilisa ce ta safe da yamma, da lallashi, da ɗan gero a tafin hannu in ya yi daidai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Roƙona ga fadodinmu shi ne su haɗa dattawan barga da samari masu sha'awar hawa, su koya musu tun Sallah na da nisa. Masu ba da haya kuma su hana dokinsu ga duk wanda bai iya riƙon linzami ba.