RUWA BA YA TSAMI BANZA

Jama'a, ina da ƙorafi, kuma da mu nake, mu ɗalibai da malamanmu na jami'a. Kullum in aka ambaci Tafkin Cadi sai mu hau kukan ƙafewarsa. Kowa ya haddace cewa a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, sannan farin 1973 da na 1984 suka cinye mafi yawansa. To, ragowar ruwan fa, wanda Buduma da Barebari da Hausawa masunta suke sha, me ke cikinsa? Wannan tambaya ce muke gudu.

Tafkin nan ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku. Abin da koguna suka kwaso, a nan yake yada zango. Kogin Shari da Lagone, masu kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan, suna ratsa ƙasar noman auduga inda ake feshin maganin ƙwari, sannan su bi ta gefen Injamena. A ɓangarenmu kuwa, masana'antun jima na Sharaɗa da Calawa a Kano suna aiki da sinadarin kuromiyam, ruwan yankin kuma yana gangarawa Kogin Calawa, ya shiga Kogin Haɗeja, ya bi Komadugu Yobe. Ga kuma masuntan da suka mai da Gamalin 20 abin kamun kifi, maganin da aka sa sinadarinsa cikin jerin haramtattu a Yarjejeniyar Stockholm a 2009.

Wani zai ce ruwan Yobe kaɗan ne a tafkin, musamman bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992. Na yarda. Amma ai raguwar ruwa ba ta rage dafi, sai ma ta ƙara masa kauri, kamar gishiri a miyar da ta tsotse. Mutanen Gashuwa da Geidam kuma da ke bakin kogin ba su da rai ne?

Wani kuma zai ce tun rikicin Boko Haram na 2009, balle harin Baga na 2015, wa zai kai kansa bakin tafki da kwalba? Wannan ma gaskiya ce, amma rabinta. Haɗeja ba fagen yaƙi ba ce. Bandar kifin da ake tarawa a kasuwannin Maiduguri ma ana iya auna ta ba tare da an taka jirgin ruwa ba.

Ma'aunin ma ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha, dalma kada ta wuce 0.01, ƙwayar cutar bayan gida kuwa kada a ga ko ɗaya a mililita 100. Ido ba ya ganin waɗannan. Ruwa yana iya zama garau alhali ajali ne a ciki, kamar yadda kwalarar 2010 ta nuna wa ƙasashen tafkin.

Ga inda takaicina yake. Akwai Hukumar Tafkin Cadi tun 1964, akwai cibiyar bincike a Maiduguri, akwai sassan kimiyya a jami'o'inmu. Malam zai auna ruwa, ya rubuta sakamakon da Turanci, ya aika mujallar waje, a ƙara masa girma. Matar da ta ɗebi ruwan nan ta dama wa ɗanta kunu ba ta da labari. Ni dai ban taɓa jin an karanta sakamakon gwajin ruwa a rediyo da Hausa ko Barbarci ba. Ilimin da bai koma wa mai ruwan ba, ina amfaninsa?

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta nemi sassan kimiyya su ba mu abin da suka gano, mu fassara, mu kai gidajen rediyo da masallatan Juma'a. Su suna da na'ura, mu muna da harshe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.