Kafin ka ci bashi don koyon kanikancin jirgin sama, tsaya ka karanta

'Yan'uwa mazauna Takoma Park, Langley Park, Silver Spring da kewaye.

Wata sabuwar waƙa ta shigo guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp: wai a bar Uber, a bar aikin kula da tsofaffi, a je a koyi gyaran jirgi, shekara biyu an zama mai kuɗi. Masu yaɗa wannan magana albashi kaɗai suke nuna maka. Ba su faɗa maka cewa sana'ar ba ta kowa ba ce, kuma abin da ke raba wanda ya dace da ita da wanda bai dace ba, ba ƙarfin damtse ba ne, hali ne.

Kuɗin kam akwai shi, ban musa ba. Alƙaluman gwamnatin Amurka na 2023 sun nuna matsakaicin albashin kaniken jirgi ya haura dala 70,000 a shekara, ga kuma manyan filayen jirgi uku a kusa da mu: Reagan, Dulles da BWI. Amma ɗan'uwa, kafin ka ɗaga biro, amsa wa kanka tambayoyi huɗu.

Ta farko, takardunka. Aiki a cikin filin jirgi sai da katin shiga, katin kuma sai an ɗauki hoton yatsunka, an binciki tarihinka, an tabbatar kana da izinin aiki. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya shi ma na ɗan ƙasa ne, da mai girin kad, da irin wanda aka ba mafaka. Makarantu masu zaman kansu kuwa kuɗinsu kan haura dala 30,000. Duk wanda ya ce maka ka fara biya, takarda za ta zo daga baya, ba shi zai biya bashin ba. Kai ne.

Ta biyu, Turancinka. Dokar hukumar FAA ta ce sai ka kai shekara 18, kuma kana iya karanta Turanci, ka rubuta, ka yi magana, ka fahimta. Lasisin da ake kira A&P yana da jarrabawar rubutu uku, kowace sai ka ci kashi 70 cikin 100, sannan a tsayar da kai gaban mai jarrabawa ya yi maka tambayoyi da baki, ya sa ka yi aikin da hannunka. Turancin ɗaukar fasinja daban, na littafin gyaran inji daban. Littattafan koyon suna nan kyauta a shafin FAA na intanet. Sauke na farko, ka karanta babi ɗaya. In ka ji kanka na juyawa, babu abin kunya: ga Montgomery College nan a Takoma Park, fara da ajin Turanci.

Ta uku, jikinka da gidanka. Jirgi da rana yake nema wa kamfani kuɗi, saboda haka da dare ake gyaransa. A manyan kamfanoni wanda ya daɗe shi ke fara zaɓen lokacin aiki, sabo kuwa sai abin da ya rage: dare, ƙarshen mako, ranar Sallah. Za ka kwanta ƙarƙashin fiffike cikin sanyin Janairu, ka yi sahur a tsaye. Ka yi shawara da maiɗakinka tun yanzu. Ke ma 'yar'uwa, da maigidanki, don mata ma suna wannan aiki. Sannan ana gwajin kayan maye ba tare da sanarwa ba. Maryland ta halatta wiwi tun 1 ga Yulin 2023, amma dokar tarayya ce ke mulkin jirgi. Ko maganin tari mai kodin da aka kawo maka tsaraba daga gida, ba da takardar likita ba, yana iya cinye maka aiki.

Ta huɗu ita ce uwa uba: za ka iya ce wa babba a'a?

Mu mun taso da "malam, je ka gwada, in ta ƙara yi ka dawo". A mota wannan yana tafiya, don mota in ta lalace gefen titi take tsayawa. Jirgi ba shi da gefen titi. Kowane ƙusa akwai adadin ƙarfin da littafi ya ce a ɗaure shi, kowane aiki kuma sai ka rubuta, ka sa hannu da lambar lasisinka. Sa hannu a kan aikin da ba a yi ba laifi ne da ke ƙwace lasisi, har ya kai mutum kotu.

Kuma mu ba sai an ba mu labarin wasu ba. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin DC-8 na wani kamfanin Kanada, wanda aka ɗauko haya don jigilar alhazan Najeriya, ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato. Tayoyi biyu iskarsu ba ta cika ba. An sani, amma ana sauri kada a makara, aka bar shi ya tashi. Tayoyin suka fashe, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu, babu wanda ya tsira. Bincike ya gano har alƙaluman iskar tayar an canza su a takarda. Allah Ya jiƙansu da rahama. Iskar taya fa, jama'a!

Ajali gaskiya ne, amma sakaci ma akwai hisabinsa. Kunya da girmama na gaba tarbiyya ce mai kyau, sai dai a ƙarƙashin jirgi kunya kisa take yi. In shugabanka ya tsaya a kanka yana duba agogo, fasinja 180 suna jira, kai kuma ba ka gamsu ba, za ka ajiye biro? In ka san kai mai "to, shi ke nan, Allah Ya kiyaye" ne, don Allah ka nemi wata sana'ar. Halal tana da yawa.

In kuwa duk amsoshinka sun fito daidai, kada kowa ya karya maka gwiwa da cewa aikin ba namu ba ne. Hanya biyu ce. Ko makarantar da FAA ta amince da ita, kamar ta Manassas a Virginia ko ta Hagerstown, wajen wata 18 zuwa 24. Ko kuma ka shiga garejin jirage a matsayin mataimaki, ka tara wata 30 na aiki a rubuce, sannan FAA ta ba ka izinin zama jarrabawa. Wanda ya yi karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya ya sani lasisin gida ba ya aiki a nan kai-tsaye. Ya adana duk shaidar aikinsa ya kai ofishin FAA su duba.

Kafin ka biya ko sisi, nemi kanike mai aikin dare ka tambaye shi yadda makonsa yake. Tambayi makaranta ɗalibai nawa suka gama, nawa suka samu lasisi, su ba ka a rubuce.

Ku tura wa wanda kuka san yana shirin sa hannu a takardar bashi. Allah Ya ba mu halal mai albarka.