A Bar Ƙasa Ta Sha Ruwa

Ƙasar Gumel ba ta da babban kogi. Daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, rijiya da tafki ne gatanmu. Amma ruwan damina in ya sauka a tsakar gidan da aka shafe da siminti, kwata yake bi, ya kwashi leda da datti. Shawarata, kowane magidanci ya bar wa ƙasa filin sha. A dasa zogale a wurin alwala, a zagaye gindin darbejiya da rami ya tare ruwan indararo. Taki kuwa, kasuwar dabbobi ta Maigatari ta ranar Alhamis ta wadace mu. Abin da ƙasa ta sha da damina, shi guga ke ɗebowa da rani.