Jariri ba ya zuwa duniya da Fatiha a bakinsa

A Mashi, kamar sauran garuruwan shiyyar Daura, da zarar mace ta sauka sai a nemo uba ko wani dattijo ya yi wa jariri kiran salla a kunne. Ran bakwai a yanka rago, a raɗa suna, wanzami ya yi aski. Kafin yaro ya cika shekara biyar an saya masa allo yana bin yayyensa makaranta. Idan ka tambayi mutane ko da imani ake haifar yaro ko koya masa ake yi, mafi yawansu za su ce ai kowane ɗa a kan Musulunci ake haifarsa. Maganar tana da tushe, amma yadda muke ɗaukarta ya wuce abin da tushen ya ce, kuma hakan na jawo mana sakaci. Abin da yaro ke zuwa da shi shi ne shirin karɓar imani. Aƙida da ibada kuwa, a hannun mutane yake samunsu.

Hadisin da ake kafa hujja da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, ya ambaci haihuwa a kan fiɗira, sannan nan take ya jingina wa iyaye juyar da yaron zuwa addinin da suke bi. Rabin farko muke riƙewa mu saki na biyu, alhali na biyun ne ke magana da mu kai tsaye. Malamai ma sun yi saɓani kan ma'anar fiɗira. Akwai waɗanda suka ce Musulunci ce kanta. Ibn Abdul Barri kuwa, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1071, ya karkata ga cewa lafiyar halitta ce da dacewar karɓar gaskiya, jariri bai riga ya san imani ko kafirci ba. Aya ta 78 a Suratun Nahli ta ƙarfafa wannan, domin ta nuna mutum yana fitowa daga cikin mahaifiyarsa bai san komai ba, sai dai an ba shi ji da gani da zuciya. Shari'a ma a haka ta tafi: ba a ɗora wa yaro hukunci sai ya balaga, iyaye aka umarta su sa shi salla yana ɗan shekara bakwai. Da ya zo da abinsa cikakke, da umarnin bai faɗa kansu ba.

Masu nazarin tunanin yara a Turai da Amurka sun biyo wata hanyar sun iso kusa da nan. Deborah Kelemen ta jami'ar Boston ta nuna a 2004 cewa ƙananan yara kan ɗauka duwatsu da gizagizai da dabbobi duk don wata manufa aka yi su. Justin Barrett ya gina littafinsa na 2012 a kan cewa zuciyar yaro tana saurin yarda da akwai mai iko da ya tsara duniya. Sai dai babu binciken da ya samo yaron da shi kaɗai ya gano adadin raka'o'in Azahar ko sunan wani annabi.

Tarihinmu ma shaida ne. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani mai maƙwabtaka da Mashi, har yau ga tuddan kaburburan sarakunan Durɓawa da suka yi mulki kafin Musulunci ya kafu a fadar Katsina zamanin Muhammadu Korau. 'Ya'yan da aka haifa a wancan lokaci da fiɗirarsu suka zo, amma sun tashi kan abin da suka tarar, kamar yadda ɗan Bamaguje ke tashi a gidan ubansa. Sai da Wangarawa suka zo, malamai irin su Al-Magili suka ratso Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantarwa, kafin salla ta zama abin da yaro ke buɗe ido ya gani a tsakar gida.

Wani zai ce, idan koyo ake yi, ashe addini ya zama gadon gida kawai, wanda aka haifa a Mashi ya zama Musulmi don a Mashi aka haife shi. Wannan tsoro ba shi da wuri. Koyon abu ba ya rage masa gaskiya. Ana haifar yaro da shirin magana, amma Hausa ko Fulatanci a bakin uwa yake ɗauka, kuma ba wanda ke cewa maganarsa ƙarya ce don koya ya yi. Abin da ke raba imani da kwaikwayo shi ne, idan hankali ya zo, mutum ya san dalilin abin da yake kai. Shi ya sa malaman tauhidi suka daɗe suna jan kunne kan imanin mai bi ido rufe, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci.

Inda maganar ta fi yi mini ciwo shi ne batun ƙananan almajirai. Uban da ya sakankance cewa imani na cikin jinin ɗansa ba ya jin nauyin ɗora shi a mota yana shekara shida zuwa Kano ko Zariya. Ba karatun allo nake suka ba, shi ya riƙe mana Alƙur'ani tsawon ƙarnoni, kuma akwai alarammomin da ke riƙon yara da amana. Amma yaro a wannan shekarun da ido yake koyon addini fiye da kunne. Yana kallon uwarsa tana alwalar Asuba, yana ganin ubansa ya mayar da canjin da aka ba shi bisa kuskure. Wanda ya yini da roba a bakin tasha ana korarsa, abin da yake koya game da Musulmi dabam yake da abin da ke rubuce a allonsa. Gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu lokacin korona a 2020, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar almajirai a 2023, amma hukuma ba ta iya zama uwa. Limaman Mashi da Daura da ke tsayawa a wajen suna su ya kamata su riƙa faɗa wa uba, a gaban rago da goro, cewa yaron nan ya zauna a gabansa, ya yi allonsa a makarantar unguwa har ya yi wayo.