Tauraron Burma: Lambar yabon da ba a rubuta mata suna ba, da takardun da ke neman ɓacewa

A ranar 15 ga Agustan 2025 Birtaniya ta yi bikin cika shekara 80 da miƙa wuyan Japan, wanda ya kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. An ambaci sojojin Afirka a cikin jawabai, an kuma yaba musu. A Najeriya, inda aka kwashi dubban samari zuwa dazuzzukan Burma, ranar ta wuce kusan shiru. Waɗanda suka rage da rai daga cikin 'yan mazan jiyan sun kai shekara ɗari ko sun kusa, kuma tambayar da ta rage wa 'ya'yansu da jikokinsu ba ta wuce guda biyu ba: wace lambar yabo tsoho ya cancanta, kuma wace takarda ce za ta tabbatar da hakan?

Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka yi aiki a fagen daga na Kudu maso Gabashin Asiya, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Runduna ta 82 ta bi ta yankin Arakan, kuma rundunonin biyu suka haɗu wajen kama Myohaung a watan Janairun 1945. Wasu bataliyoyin Najeriya uku sun shiga cikin dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944. Kafin wannan, birged ɗin Najeriya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, ta nausa har Harar a ƙasar Habasha. Hausa ce harshen bariki a lokacin, da ita ake ba da umarni ga Bahaushe da Babarbare da Batibi. Irin waɗannan sunaye suna nan manne a ƙofofin barikoki: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Mogadishu a Abuja.

Sharuɗɗan samun lambobin yabon a rubuce suke, kuma babu inda suka ware baƙar fata. Tauraron Burma na duk sojan ƙasa ne da ya shiga fagen daga a Burma tsakanin 11 ga Disamban 1941 da 2 ga Satumban 1945. Tauraron Afirka ya shafi waɗanda suka yi yaƙi a Habasha da Somaliya da Arewacin Afirka tsakanin Yunin 1940 da Mayun 1943. Tauraron 1939 zuwa 1945 yana bukatar kwana 180 a fagen daga, ita kuwa Lambar Yaƙi kwana 28 kacal cikin kaki ya isa a samu. Ke nan sojan da ya bi Runduna ta 81 zuwa Kaladan ya kuma dawo, da wuya a ce bai cancanci lambobi uku ba. Haka nan ɗan dakon da ya ɗauki harsashi da abinci a ka, yana ratsa tsaunuka ba tare da bindiga ba, tun da shi ma soja ne mai lamba a rajista.

Matsalar tana farawa ne daga ita kanta lambar. Birtaniya ta raba taurarin Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da ta zana sunan kowa a jikinsu ba, saɓanin yadda ta yi a yaƙin farko. Ostireliya da Afirka ta Kudu sun rubuta wa nasu sojojin suna, amma wanda ya karɓa daga hannun Birtaniya tagulla ce kawai ya karɓa. Iyalin da ke da tauraro a cikin adakar kaka ba su da hujjar cewa nasa ne. Iyalin da tauraronsu ya ɓace, ko aka sayar a shekarar yunwa, ba su da abin nunawa sai takardar sallama, idan gara ta bar ta.

Ita ma rajistar ba ta da sauƙin bi. Magatakardan soja na zamanin Turawa sun saba rubuta sunan yanka su haɗa da sunan gari ko ƙabila, shi ya sa ake samun Musa Kano da Audu Sakkwato da Garba Katsina bila adadin a bataliya guda. Wani ya ba da sunan da ba nasa ba don kada iyaye su gano inda ya shiga. Wani hakimi ne ya miƙa shi don cika adadin da aka ɗora wa gundumarsa. Wani ya tsallako ne daga ƙasar Faransa, ya ambaci garin da ya fi kusa da iyaka. Shekarun haihuwa kuwa kintace ne na likita. Abin da ba ya canjawa shi ne lambar soja, kuma ita ce abu na farko da ke tafiya da tsoho idan ya rasu ba a rubuta ba.

Gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew yana riƙe da kundin ayyukan yau da kullum na rundunonin da suka yi yaƙi a Burma, da takardun shawarar ba da lambobin jarumta. A irin waɗannan takardu ne ake cin karo da mutum kamar Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa. Amma kundin runduna hafsoshi yake ambata, farabiti ba ya shiga sai a matsayin adadi: an kashe huɗu, an raunata tara.

Birtaniya ta riga ta amsa wani ɓangare na laifinta. A watan Afrilun 2021 rahoton Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Renon Ingila ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, wataƙila har 350,000, mafi yawansu 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko allon tunawa ba. Sakataren tsaro na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Shekara biyu kafin nan, binciken ɗan jarida Jack Losh ya tono takardar da ta nuna yadda aka biya kuɗin sallama bayan yaƙi na biyu: farabiti Bature sule goma a kan kowane wata da ya yi, farabiti baƙar fata sule uku da sisi. Wannan bambanci ba a biya shi ba har yau. Lambar yabo ta fi sauƙin bayarwa: a watan Nuwamban 2023 Sarki Charles ya miƙa wa wasu tsofaffin sojojin Kenya sababbin lambobi a maƙabartar Kariokor da ke Nairobi, a madadin waɗanda suka jefar a zamanin Mau Mau don tsoron a ɗauke su 'yan koren Turawa. Ciki har da Kofur Samwel Mburia. An iya yin hakan ne saboda an samu abin da ya tabbatar da aikinsu.

Ɓacewar takarda ba hujjar naɗe hannu ba ce. A 1973 gobara ta cinye fayilolin sojojin Amurka tsakanin miliyan 16 zuwa 18 a St. Louis. Gwamnatin ƙasar ta ci gaba da sake gina tarihin aikin kowane soja daga takardun albashi da rajistar asibiti da jerin sunayen runduna. Tun 1946 kuma dokarsu ta tanadi kwamitocin gyara bayanan soja, inda tsohon soja ko magajinsa zai kai ƙorafi idan an rubuta masa kuskure ko an tsallake lambar da ya cancanta.

A nan ne nauyi ya dawo kan Abuja. Rundunar Sojan Najeriya ita ce magajiyar waccan runduna ta zamanin Turawa, ta gaji tutocinta da sunayen yaƙoƙinta, don haka bai dace ta ce ba ta gaji mutanenta ba. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, wadda aka kafa a 1964, tana da rassa a jihohi. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana da ofisoshi a Kaduna da Ibadan da Inugu, inda fayilolin lardi suke ɗauke da wasiƙun ɗaukar soja da na sallama. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardar gwamnati. Abin da ake bukata shi ne a haɗa waɗannan wuri guda: rajista ɗaya ta lambar soja da suna da gari da bataliya, a ɗora a intanet, da teburi ɗaya a Ma'aikatar Tsaro da zai karɓi neman gyara ya kuma tuntuɓi Landan gwamnati da gwamnati, maimakon a bar jika a ƙauyen Zuru ko Biu yana rubuta wasiƙar da ba mai amsawa.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja, ana sakin tattabaru, ana tara gudummawar 'yan mazan jiya. Kaso kaɗan daga kuɗin bikin zai isa a tura ma'aikata gida-gida su ɗauki hoton takardun sallamar da suka rage a hannun iyalai, su kuma rubuta lambar soja daga bakin waɗanda har yanzu suke iya faɗinta.