Gyaran sarƙar taimin aikin bakanike ne

Sarƙar taimin ce ke haɗa kiranshaf da kamshaf: wancan ya juya sau 2, wannan sau 1, bawul su buɗe kan lokaci. Kuskuren haƙori ɗaya kan sa mota cijewa, in ya wuce haka, a injuna da yawa fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su. Don haka mai Corolla da ke jin kacau-kacau ɗin sarƙar in ya tayar da ita da safe, ya nemi ƙwararre. Za a ce kuɗin aiki ya yi yawa, ga bidiyo a YouTube. Akwai tsada kam, amma in bawul suka lanƙwashe, kuɗin sauke kan inji ya fi shi nesa. A nemi wanda ya saba da irin injin, ya kuma nuna tsoffin kayan da ya cire.