Magana A Kan Hajiya Barmani Mai Coge Da Haƙƙinta Da Ke Wuyan Mutane

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da fatake masu duba wannan shafi, na sani wani zai ce me ya haɗa almajiri da zancen makaɗiya. To, a yi mini haƙuri a ji, domin magana ce ta haƙƙi, shi kuwa haƙƙi ba ya faɗuwa don mai shi ya kwanta dama.

Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta sani da Barmani Mai Coge, mutuniyar Funtuwa ce ta ƙasar Katsina, garin da Alhaji Mamman Shata ya daɗe zaune a cikinsa. Allah ya yi mata rasuwa cikin 2013. Kiɗanta shi ne amada, watau ƙorai ake kifewa, wasu a ƙasa, wasu bisa ruwa cikin masaki, mata na bugawa suna amshi. Ba ita ta ƙago shi ba, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga ta suna a cikinsa, amma Barmani ta ƙara yaɗa shi ta rediyo da kaset har ya ƙetare iyaka.

Abin lura na farko shi ne ba ta da ubangida. Ku duba manyan makaɗan ƙasar nan: Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Sa'idu Faru na Sarkin Kudu Macciɗo ne, kowannensu yana da fadar da ke ba shi doki da riga da hatsi, kuma bakinsa yana bin inda fadar ta nufa. Ita kuwa wannan baiwar Allah fadarta gidan biki ce da gidan suna. Da kanta take shirya waƙarta, da kanta take ciniki, ƙungiyarta mata ne da take riƙe da su daga abin da aka samu. Wanda ya taɓa riƙon yara a rumfar kasuwa ya san nauyin ciyar da mutum goma daga ciniki ɗaya, balle mace a cikin sana'ar da ake yi wa kallon raini.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, abin da ta yi ta nanata wa mata shekara da shekaru: su kama sana'a, kada mace ta zauna hannu sake tana jiran kuɗin cefane ya yi rara. Ta yi zambo ga malalaciya, ta yabi mai dakau da mai ƙuli-ƙuli da mai saƙa da mai adashi. Ya ku malamai, wace magana ce a nan ta saɓa wa abin da muka karanta? Uwar Muminai Nana Hadiza da dukiyarta aka yi fatauci zuwa Sham. Nana Zainabu 'yar Jahshi da hannunta take jima da ɗinki ta yi sadaka da kuɗin. A mazhabarmu ta Imamu Maliku dukiyar mace tata ce, iyakar abin da aka ba miji shi ne ya hana kyautar da ta wuce sulusi, amma ba a ba shi ya ci ko anini ba sai da yardarta. Mun san wannan a littafi, mun kuwa karantar da shi a zaure, inda mata ba sa zama. Ita ta kai shi cikin gida da harshen da suke ji.

Ba sabon abu ba ne a isar da magana ga mata ta hanyar waƙa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu cikin 1864, ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai karatu ƙauyuka ga 'Yan Taru. Mahaifinta kuwa cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Ban daidaita su biyun ba, Allah ya kiyaye. Waccan malama ce 'yar malamai, wannan makaɗiya ce. Amma kunnen da suka nema ɗaya ne, kuma shi ne kunnen da mu muka sakaci da shi.

Ba zan ɓoye ba, cikin waƙoƙinta akwai na batsa waɗanda bai kamata a buɗe su gaban yara ko cikin taron maza ba, kuma wanda ya ƙi su yana da hujja. Sai dai a tuna asalinsu na ɗakin mata ne, tsakanin amarya da ƙawayenta da gwaggwanninta. Wa ya fito da su bakin titi ya ɗaura musu lasifika? Ba matan ba ne. Game da hukuncin kiɗa kuwa, saɓanin malamai sananne ne, kuma Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin kuyangi biyu masu waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, aka ce ya ƙyale su. Ban zo yanke wannan saɓani a shafin jarida ba.

Akwai kuma wani aibi da ke biye da sana'ar cikin kulle, wanda mai makarantar allo ya fi kowa ganinsa, watau talla. Uwa ta soya, 'ya ta ɗauka, allonta yana jingine har ƙura ta rufe rubutun. Laifin wannan ba na waƙa ba ne. Da miji ko ɗan'uwa mai rumfa zai karɓi kayan ya sayar mata bisa amana, da yarinya ta zauna ta kai izu.

Saura ku, fatake. An sayar da muryar wannan mata a kaset, aka koma faifai, yau kuma ana tura ta cikin waya ana karɓar kuɗi a kowace kasuwa, daga Kano har Maraɗi. Mai yin haka ya tambayi kansa ko ya taɓa ware ko kwabo ya aika wa magadanta. In ka ce kiɗa haramun ne, to kuɗinsa bai halatta gare ka ba. In ka ce halal ne, to guminta ne, kuma ta bar 'ya'ya da jikoki. Zaɓi ɗaya cikin biyun, ba ta uku. Hanyar Funtuwa kuwa ba ɓoyayya ba ce, motocin hatsi da auduga suna bin ta kullum, kuma shugabannin masu wannan sana'a sun san yadda ake tara kuɗi in an ga dama, tun da suna tarawa ranar bikin ɗayansu.

Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kurakuranta, ya yafe mana namu. Haza wassalam.